Gurbin Hoto Ɗaya

Kwana goma sha tara ke nan da kamiyo, wato babbar motar kayan da Lukumanu yake tuƙawa, ya bar Agadas ya nufi Sabha ta ƙasar Libiya, kwana goma sha shida kuma da Inna Saratu ta rantse cewa ko ya dawo ba zai sake taka ƙofar gidanta ba. Shi bawan Allah bai ma san an yi ba. Yana can cikin hamadar Tenere yana fama da rairayi, a nan unguwar Dagmanet ana shirin raba shi da Ramata, ɗiyar Inna.

Abin da ya jawo duk wannan bai cika tafin hannu ba. Waya ce.

A shekarar nan salula ba baƙuwa ba ce a Agadas, amma masu irin wadda take ɗaukar hoto ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Lukumanu ya sayo tasa a tafiyar da ta gabata, wata 'yar toka-toka mai murfi, da ido ƙarami a bayanta. Ranar da ya fara fito da ita a tasha sai da aka bar lodi aka kewaye shi. Kowa so yake a ɗauke shi. Har dattawan da suka fara da cewa aikin banza ne, an gan su suna gyara rawani a ɓoye.

Ita kuwa wayar ba wani abin kirki take fitarwa ba. Idan rana tana bayanka ka fito baƙi wuluk, sai haƙora. Idan ka motsa ka fito da hanci biyu. Batirinta ba ya kwana biyu, kuma hoto goma sha takwas kacal cikinta yake ɗauka, daga nan sai ta rubuto wani Faransanci ta ƙi, dole ka goge wani kafin ta karɓi wani. Wanke hoton a takarda kuwa, mai hoton kasuwa ya juya ta gaba da baya ya ce sai dai a gwada Yamai. Duk da haka Lukumanu ba ya yarda a zage ta a gabansa. Ya ce ranar da wani ƙarfe ya karye a ƙarƙashin kamiyo, hoto ya ɗauka ya je ya nuna wa mai sayar da kayan mota, maimakon ya saɓa ƙarfen a kafaɗa ya zagaye gari.

Ana saura mako guda ya tafi ya fara roƙon Ramata ta bari ya ɗauke ta. Kwana uku tana ƙi. A na huɗu, da la'asar, suna zaune a kan benci a ƙofar gida, ya ce mata da murya ƙasa-ƙasa:

"Wata guda nike yi ban ga huskarki ba, Ramata. In dare ya yi a hamada kowa shina da abin da ya riƙe. Ni ba ni da komi."

Zuciyar mace ce, ta narke. Amma ta kafa masa sharaɗi biyu: kada idon kowa ya gani, kuma kada ya taɓa gogewa, ko da wayar za ta fashe don cika. Ya rantse a kan duka biyun. Ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, dariya ta kufce mata, wayar ta yi ƙas. Kuma ka ji ikon Allah, wannan wayar da ba ta taɓa yi wa kowa adalci ba, ranar nan ta fitar da Ramata kamar yadda take.

Rantsuwar farko ba ta yi mako ba ta karye. Ɗakin da Lukumanu yake haya kusa da tasha babu wuta, don haka yakan kai wayar butik ɗin Mourtala, wato shagonsa, a sa mata caji, kamar yadda duk direbobi suke yi. Mourtala kuwa ɗan yayan Inna Saratu ne, wanda ta daɗe tana yi wa Ramata sha'awarsa, shi ma ya daɗe yana zuwa gaisuwar da ta wuce ta zumunci. Yanzu wane mai hankali ne zai bar wa abokin takararsa waya da hoton budurwa a ciki, ya tafi sallar Juma'a? Lukumanu ne. Mutum ne da ya san kowane dutse tsakanin Agadas da Dirku, amma bai san zuciyar ɗan Adam ba.

Mourtala bai yi gaggawa ba. Sai da kamiyo ya yi kwana uku da tashi, sannan ya zo da hantsi ya durƙusa gaban gwaggonsa, yana ta jan numfashi kamar mai kawo labarin rasuwa. Abin da ya gani da idonsa hoto ɗaya ne. Kafin maganar ta gama fitowa daga bakinsa ta zama cewa hoton Ramata yana yawo hannu-hannu a wurin shan shayin direbobi, kowa yana kallo yana tofa albarkacin bakinsa.

Inna ta kira Ramata ta tambaye ta ko da gaske ne. Ramata ta sunkuyar da kai, hawaye ya amsa a madadinta.

Da ba don Baffa Mamuda ba, da ranar an gama. Shi ne ƙanin marigayi Malam Sagir, mahaifin Ramata, kuma shi ne waliyyinta. Mutum ne mai sanyin magana, mai ɗinkin takalman fata a bakin kasuwa, ba ya yanke abu sai ya auna sau biyu. Ya ce ba a hukunta wanda ba ya nan. Ranar da Lukumanu ya sauka zai kawo shi da kansa, a buɗe wayar a gaban kowa. Idan hoton yana ciki, zai mayar wa dangin yaron goron tambayarsu da hannunsa, magana ta ƙare.

To ita Ramata ta san yana ciki. Ita ce ma ta sa shi ya rantse ba zai goge ba.

Kullum idan ta taso daga wurin koyon ɗinki sai ta biya ta telesanta, inda ake biyan kuɗi a buga waya, ta buga lambarsa. Kullum wata mata ce take amsa mata da Faransanci cewa ba a samun mai wannan lamba. Babu rezo a hamada, waya ba ta shiga, kowa ya sani, amma ba ta fasa bugawa ba. Addu'arta ma ta rikice. Da asuba ta roƙi Allah ya sa hoton ya goge da kansa. Da azahar ta tuna cewa idan ya goge, to Lukumanu ya karya alkawari ke nan, sai ta roƙi Allah ya bar shi. Ta rame, idanunta suka faɗa.

Kada mai karatu ya ɗauka Inna Saratu muguwa ce. Mace ce da ta riƙe gida da sayar da dabino da cukwi tun rasuwar mijinta, bakinta da kaifi, hannunta a sake. Abu ɗaya ne a ranta da ba ta taɓa buɗe wa kowa ba. Ɗanta na fari, Amadou, shekara bakwai ke nan yana Libiya. Ɗan fari ne, don haka tun haihuwarsa ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa yi masa wasa a gaban mutane ba, kakarsa ce ta goya shi. Idan dole ta kama sai ta ce "wancan na arewa." Da mahaifinsa ya rasu bai samu zuwa ba. An ji ya yi aure a can, an ji shiru. Inna ba ta taɓa tambayar kowa labarinsa ba, kunya ba za ta bari ba. Sai dai duk ranar da motocin arewa suka shigo, takan ce za ta tasha duba dabino, ta tsaya a gefe tana kallon masu sauka har na ƙarshe, ta dawo ta ce dabinon bai yi mata ba.

Ramata ta taɓa ba Lukumanu wannan labari wata rana, a cikin hira. Bai bi ta kan maganar ba, har ta ɗauka bai saurara ba.

A kwana na ashirin da biyu, suna tsince dabino a tsakar gida, Ramata ta kasa daurewa. Ta ajiye faifai ta matsa kusa da uwarta.

"Inna, ni na yarda ya ɗauka. Ba laihinai ba ne. In duka ne ki dake ni, amma kar ki raba ni da shi."

Inna ba ta ɗago ba. Ta ci gaba da ware mai tsutsa daga mai kyau.

"Kina ganin don butik nike son Mourtala?" in ji ta. "Mourtala in ya rufe butik gida shika zuwa. Wanga naki hwa? Hanya ta ba ki shi wata guda, ta karɓe wata guda, ran nan ta karɓe ta hana. Ga shi tun ba a ɗaura ba ya maida ki abin kallo."

"Inna, shina dawowa. Kullum shina dawowa."

"Haka sunka ce duka." Hannunta ya tsaya a cikin dabinon. "Hanyar ga na riga na ba ta mutum guda. Ya isa."

Wannan shi ne mafi kusa da ta taɓa zuwa ga ambaton ɗanta. Ramata ta kifa kai a cinyar uwarta tana kuka, Inna ta bar ta, har ta ɗora mata hannu a ka. Amma ba ta janye maganarta ba.

Kamiyo ya shigo ranar kwana na ashirin da huɗu, da hantsi. Baffa Mamuda da kansa ya tare shi a tasha, bai ko bar shi ya je ya yi wanka ba. Haka Lukumanu ya shigo gidan da rawaninsa ja da ƙasa, leɓɓansa a fashe, yana ta murmushi don a zatonsa maganar sa rana za a yi. Sai da ya ga Mourtala zaune a ƙarƙashin rumfa, ya ga Inna ta amsa gaisuwarsa da kai kawai, murmushin ya gudu.

Ramata tana ɗaki bayan labule. Ta cikin wata 'yar huda take kallo.

Baffa ya faɗi abin da aka ji, bai ƙara ba bai rage ba, ya miƙa hannu. Lukumanu ya zaro wayar daga cikin wata tsohuwar safa da yake naɗe ta saboda rairayi, ya kunna, ya ba shi. Baffa ya juya ta sama da ƙasa ya rasa ta inda ake shiga. Mourtala ya ce a kawo, ai shi ya san wurin.

Ya san wurin kuwa. Ya fara dannawa da sauri, fuskar mace yake nema. Sai ga namiji. Ya danna, wani namiji. Wani da hular kwano a wurin gini, wani a gaban tanda, wani riƙe da tiyo a lambu, duk baƙaƙe wuluk, duk suna washe haƙora. Ya kai ƙarshe ya dawo farko, ya sake bi. Gumi ya fara tsattsafo masa. Hoto goma sha takwas, babu budurwa ko ɗaya.

A bayan labule Ramata ta dafa bango. Daɗi ya zo mata tare da wani abu mai ɗaci, ta rasa wanda za ta fara haɗiyewa. Ta tsira, amma ya goge ta.

Baffa ya juya ga Mourtala, muryarsa ta canja, ya fara tambayarsa ko ya san girman ƙazafi a kan ɗiyar mutane. Mourtala yana ta rantsuwa, ba mai jin sa. A nan da Lukumanu ya ja bakinsa ya yi shiru, da shi ke nan, ya ci. Ramata ma a ranta cewa take, ka yi shiru, don Allah ka yi shiru.

"Baffa," in ji Lukumanu, "Mourtala bai yi ƙarya ba. Hoton shina ciki sa'ad da na tahi. Ni na roƙe ta har ta yarda, ni kuma na yi sakaci na bar wayar inda bai kamata ba. Amma ban taɓa gwada ma direba ko guda ba, Allah shina gani."

Inna ta tafa hannu sau ɗaya. "To kun ji. Ya ji tsoro ya share."

"Ban san da wagga magana ba sai yanzu, Inna. Ba tsoro ya sa ba. Wuri ne babu."

Sai ya ba su labari. Da ya isa Sabha, wani ɗan Agadas mai aikin gini ya ga wayar, ya roƙe shi ya ɗauke shi ya kai wa uwarsa ta gani, don shekara huɗu ba ta sa shi a ido ba. Kafin kwana biyu labari ya bazu a unguwar 'yan Nijar cewa akwai direban da yake kai fuska gida. Suka riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya, kowa ya sha wanka ya aro riga. Duk wanda ya zo sai Lukumanu ya goge wani nasa: na kamiyonsa, na hasumiyar masallaci, na abokansa, har na kansa. Ya rage saura guda ɗaya tak da yake nasa, ya ce wannan kam ko wa ya zo sai dai ya yi haƙuri.

Shi kuwa duk kwanakin nan akwai wanda yake nema. Ya bi gareji-gareji, ya bi gonaki, sai ana gobe za su taso aka kai shi wani lambu a bayan gari.

"Na ɗaga wayar ta ce memwar ta cika, babu wuri. Sha bakwai amanar mutane ce, ba ni da ikon taɓawa. Na zamna a bakin rijiya na daɗe, Baffa. Sannan na share nawa." Ya dubi Mourtala. "Koma na ƙarshe. Ka wuce shi sau biyu."

Mourtala ya danna, ya miƙa wa Baffa. Baffa ya kai wayar kusa da ido, ya nisanta ta, ya kare ta da tafin hannu saboda haske. Wani mutum ne mai gemu a tsaye a gindin dabino, ya ɗaga wata 'yar jaririya kusa da kumatunsa. Baffa ya daɗe yana kallo.

"Wallahi sai na ce Yaya Sagir ne," ya ce a hankali. "Amadou ne. Amadou ne ya yi gemu."

Lukumanu ya ce lafiyarsa ƙalau, lambun wani Balarabe yake kula da shi, matarsa Maimuna 'yar Damagaram ce, kuma yana gaida kowa. Jaririyar watanta biyar. Sunan Inna aka sa mata, Inna Ƙarama suke kiran ta.

Baffa ya share ido da hannun riga, ya miƙa wayar wajen Inna. Ita kuwa ta riga ta juya baya, ta jawo faifan dabino gabanta tana tsincewa, dabinon da aka gama tsincewa tun shekaranjiya.

"Mi zan gani?" in ji ta. "Ni ina da aiki."

Ba wanda ya matsa mata, kowa ya san dalili. Baffa ya tambaye ta to yanzu me ta ce a kan maganar yaran. Ta ce ba ta ce komai ba tukuna. Amma wannan waya mai tonon asiri ba za ta sake fita gari ba sai ta yi shawara, a ajiye ta a nan. Lukumanu ya ce da ladabi akwai iyaye goma sha bakwai da suke jiran ganin 'ya'yansu. Ta ce duk mai son gani ya san hanyar Dagmanet.

Mourtala ya sulale ba sallama. Baffa ya ba Lukumanu izinin tsayawa a zaure minti kaɗan, ya ce Ramata ta kai masa ruwa.

Ta ajiye kwanon ta juya masa gefe. Ta yi niyyar yi masa godiya, amma abin da ya fito daga bakinta daban.

"Ka rantse mini."

"Na rantse."

"Biyu na roƙe ka, Lukumanu. Biyu kaɗai. Duka ka karya." Hawaye ya ɓalle mata. "Kwana ashirin ina mutuwa ina tashi saboda hoton ga, ashe kai ka daɗe da jefar da ni."

Ya tsuguna a gabanta, rawaninsa yana zubar da ƙasa a tabarma.

"Kwana tara munka yi a hanyar dawowa. Duk inda munka tsaya sai in buɗe wayar don sabo, in tarar da gardawa sha takwas suna yi mini dariya." Ta so ta murmusa, ta danne. "Na ce a raina, ni in Allah ya so ina zuwa in gan ki da idona. Inna hwa? Shekara bakwai tana zuwa tasha duba dabino. Ke kinka gaya mini."

Ramata ta rufe fuska da mayafi. Ashe ya ji. Kukan da ta yi a nan ba irin na kwanakin baya ba ne, shi ma ya gane, don bai ce ta daina ba. Da zai tafi ta ce masa ya je ya yi wanka, ya yi kama da buhun gawayi. Ya fita yana dariya, amma dukansu sun san cewa Inna ba ta ce e ba.

Kafin la'asar gidan ya cika. Tsofaffin mata daga unguwanni suka riƙa sallama, Ramata ce mai dannawa. Wata ta ga ɗanta ta yi guɗa, wata ta ce wannan ba nata ba ne, nata fari ne, sai da aka nuna mata tabon goshinsa ta fashe da kuka. Wata ta kai wayar kunne tana jiran ya yi magana. Duk wadda aka nuna wa na ƙarshe sai ta ce, Saratu zo ki ga takwararki mana. Inna tana bakin murhu tana dafa musu shayi, ta ce hayaƙi ya cika mata ido, ba ta gani. Washegari da safe ma haka aka yi. Da baƙi suka watse ta karɓi wayar da gefen zane, kamar mai ɗaukar garwashi, ta kai ɗakinta.

Bayan azahar rana ta take, unguwa ta yi tsit, kowa ya nemi inuwa. Ramata ta tashi za ta ɗebo ruwa a randa, sai ta ga labulen Inna ya ɗan yaye. Ba ta yi niyyar leƙe ba.

Inna tana zaune a bakin gado ta ba ƙofa gefe, wayar a tafin hannunta. Ashe duk dannawar da Ramata take yi wa baƙi, tana lura ta wutsiyar ido. Ta gano wurin da kanta. Duk bayan ɗan lokaci hasken ya dushe, sai ta taɓa wani maɓalli da sauri ya dawo. Bakinta yana motsi, tana tsokanar jaririyar ƙasa-ƙasa, wai ta sace mata suna ba ta ko biya ba. Amma babban yatsanta ba a kan jaririyar yake ba. A kan gemun yake, tana shafawa a hankali.

Sai wayar ta yi wani ɗan kuka sau biyu, fuskarta ta yi baƙi.

Inna ta danna. Shiru. Ta sake dannawa, ta girgiza ta, ta hura mata iska, ta goga ta a zane. Ramata ba ta taɓa ganin tsoro irin wannan a fuskar uwarta ba, ko ranar da aka fita da gawar mahaifinta. Ta manta da leƙe take yi, ta shiga.

Inna ba ta ko ɓoye wayar ba. Ta miƙo ta da hannu biyu.

"Ramata, na share shi? Ya tahi?"

"Bai tahi ba, Inna. Shina nan ciki. Batiri ne ya ƙare."

"Kin tabbata?"

"Na tabbata. In anka sa mata wuta zai dawo yadda kinka bar shi."

Inna ta sauke numfashi, ta share ido da bakin kallabi, ta ce zafin ranar nan yana sa ido ruwa. Ramata ta ce gaskiya ne. Can Ramata ta ce, tana kallon ƙasa, igiyar cajin tana wurin Lukumanu, amma idan Inna ba ta son ganin sa, a butik ɗin Mourtala akwai irinta.

"Wayar ga ba ta sake kwana butik ɗin kowa," in ji Inna da kaifin nan nata da ya dawo. "Ba mu da wuta a gidan ga?"

Ta naɗe wayar a cikin safar Lukumanu, ta tura ƙarƙashin matashi, ta dafa da hannu.

"Tahi ki gaya ma Baffanki ya ce ma yaron ga ya kawo igiyar da kainai. Yau, ba gobe ba. Juma'a kuma ya turo manya nai a sa rana. Tunda hanyar ta iya kawowa, ba karɓa kaɗai ba."

Ramata ta zube a gabanta ta riƙe ƙafafunta. Inna ta ture ta da gwiwa, ta ce ta tashi kada ta jiƙa mata zane. Har Ramata ta kai ƙofa tana laluben takalmi, ta sa na dama a hagu, Inna ta sake kiran ta.

"In an ɗaura ya ɗauke ki sau sha bakwai in ya ga dama, ba ruwana. Amma ki gaya mishi gurbi guda ba nai ba ne. Wanda ya taɓa na ƙarshen ga, ni da shi."